Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa, da Yadda Za a Tsare Shi

Zuwa ga Hakimai da Dagatai da manoma duka. Ku sani ruwan rijiya ba kogi ba ne da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda waɗansu ke zato. Ruwan sama ne wanda ya nutse, ya kwanta a tsakanin ƙwayoyin rairayi, yumɓu ya tare shi daga ƙasa. Abin da ya shiga shi ne iyakar abin da za a ɗiba.

Gwamnati ta kafa ma'aikatar binciken ƙasa da duwatsu a 1919. Ma'aikatanta su kan haƙa, su duba irin ƙasar da ta fito ƙafa bayan ƙafa, su auna zurfin ruwa da damina da rani, su rubuta. A 1934 suka buga littafi a kan ƙasar yankin tafkin Chadi da ruwanta. A 1968 kuma aka buga wani bincike na ƙasar Barno da Dikwa, wanda masanan Nijeriya da na Amurka suka yi tare.

Ga abin da aka gano. A ƙarƙashin Barno rairayi mai ruwa hawa uku ne, yumɓu mai kauri ya raba tsakaninsu. Na bisa shi ne rijiyoyin gari ke kai wa, damina kuwa ta kan ƙara masa. Na tsakiya sai an yi wajen ƙafa 1,000 a wurare da yawa. Yumɓu ya danne shi ƙwarai, saboda haka da aka huda shi da burtsatse, sai ruwa ya yi ta ɓulɓulowa da kansa, ba guga ba inji. Makiyaya suka yi murna, ƙauyuka suka kafu inda dā ba a iya zama da rani.

Amma fa an yi sakaci. Aka bar burtsatsai da yawa a buɗe dare da rana, ruwa na malala a banza. Sannu a hankali ƙarfinsa ya ragu, waɗansu suka daina fitarwa. Da aka gwada shekarun wannan ruwa na zurfi, sai aka tarar ya yi dubbai a kwance, watau tun zamanin da ruwan sama ya fi na yanzu. Daminar bana ba ta mayar da shi.

Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. Kowace burtsatse a sa mata famfo, a rufe in an gama ɗiba.
2. Kada a haƙa salga kusa da rijiya. A bar ƙafa 100 ko fi, salgar kuma ta kasance ta gangare.
3. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, a rataye guga kada ya taɓa ƙasa.
4. A sa komin shayar da dabbobi nesa da bakinta.
5. Dagaci ya sa a auna ruwa da igiya farkon kowane wata, a rubuta. In ya ga bana ya fi bara nisa, ya sanar da Hakimi da ma'aikatan ruwa tun da wuri.

Garin da ya tsare rijiyarsa ba ya tashi da rani.