Taurarin da ke ƙirjin matuƙin jirgin yaƙi

Ƙasar Karaye ta daɗe da sanin yadda ake saka wa mayaƙi. Tarihin Kano ya kawo labarin Wambai Giwa, wanda ya faɗaɗa ganuwar birni a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wajen 1620, ya kuma yi zama a Karaye yana fafatawa da Katsinawa, har ƙarfinsa ya kai inda fada ta fara tsarguwa, aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi. A wancan lokaci idan mutum ya yi abin a-zo-a-gani a fagen fama, doki ake ba shi da riga, ko a naɗa masa rawanin Jarmai ko Barde, makaɗa su sa shi a kirari. Ba sai an tambaya ba, har mai tallan fura ta san yaƙin da ya jawo masa wannan rawani, da garin da ya tsare, da wanda ya kayar.

Yau yammacin Kano ya fitar da wanda ya kai ƙololuwar aikin sojan sama. A ranar 19 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Hassan Bala Abubakar Babban Hafsan Sojan Sama, na 22 a jerin waɗanda suka hau kujerar. Ɗan Shanono ne, nan arewa da Gwarzo. An haife shi a 1970, ya shiga Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna a kwas na 39, ya fito da anini a 1992, ya riƙe rundunar har Oktoban 2025 da ya miƙa wa Sunday Kelvin Aneke. Galibin tuƙinsa a jiragen jigila ya yi shi, ya kuma taɓa shugabantar rukunin jiragen fadar shugaban ƙasa. Duk wanda ya ga hotonsa, ko na wani Iya Mashal irinsa, ya ga abin da ke gefen hagu na ƙirji: fukafukai a sama, a ƙasansu ƙananan ƙyallaye masu launi-launi, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, an jera su sahu a kan sahu. A takarda kuma haruffa ne ke bin sunan har su cinye layi. Mutum nawa ne a kasuwar Rogo zai iya karanta ko guda daga ciki?

Ga yadda abin yake. Akwai taurari huɗu da hafsa ke hawa kamar tsani: FSS, sai MSS, sai DSS, sannan GSS a can sama. Abin da suke aunawa shi ne daɗewa a aiki, da muƙami, da fayil mai tsabta. Hafsan da ke kula da albashi da wanda ke tuƙa jirgin yaƙi duk suna iya samunsu idan shekaru suka cika ba a kama su da laifi ba. Ƙananan haruffan da ke biyo baya na makaranta ne: psc na wanda ya gama kwas ɗin hafsoshi irin na Jaji, fdc na Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja, mni na cibiyar Kuru da ke kusa da Jos. Akwai lambobin fagen daga, waɗanda ake rataya wa duk wanda ya yi wa'adinsa a wata runduna, kamar Lafiya Dole ta arewa maso gabas da aka sauya wa suna zuwa Haɗin Kai a 2021. Sai lambobin ƙasa, irin su OFR da CFR, waɗanda dokar 1964 ta kafa, su kuwa soja da farar hula duk ana ba su. A cikin tarin nan wata lamba mai suna DFS ce ta keɓanta da masu tashi sama.

Ba raina su nake yi ba. Shekara 30 cikin kaki, ana cilla mutum daga Makurɗi zuwa Maiduguri zuwa Kainji, iyali na bin sa da kaya a ka, ba wasa ba ne. Sai dai mafi yawan abin da ke ƙirjin nan shaidar haƙuri ce da biyayya. Wanda ke neman labarin ranar da matuƙi ya yi ido huɗu da mutuwa ba zai same shi a nan ba.

A wurin matuƙan kansu, fukafukan nan da ke sama da komai su ne abin tinƙaho, kuma Kano na da hannu a cikinsu. Makarantar koyon tuƙi ta 403 da ke gefen filin jirgin Malam Aminu Kano ita ce ke horar da masu shirin hawa jiragen yaƙi, a kan L-39, ɗan ƙaramin jet mai kujera biyu ƙirar Cekoslobakiya, ɗalibi a gaba malami a baya. Ƙarar da mutanen Kurna da Bachirawa suka saba ji da hantsi ke nan. Alaƙar ta girmi makarantar. An kafa rundunar sojan sama a 1964 da taimakon Jamusawa, kuma da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, a Kano aka sauke jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet, Misirawa suka fara tuƙa su kafin 'yan ƙasa su karɓa. Shugaban rundunar na lokacin, Kanar Shittu Alao, a cikin jirgi ya rasu a 1969, shi ne da kansa a kan tuƙi.

In aka ƙara komawa baya, mutumin da ya fara sauke jirgi a Kano shi ma matuƙin yaƙi ne. Arthur Coningham ya jagoranci jirage 3 na sojan saman Ingila daga Helwan ta ƙasar Masar, suka dira a filin sukuwa ranar 1 ga Nuwamban 1925. Ya zo da lambobin bajinta uku da ya samo a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wannan tafiya kuma ta ƙara masa ta huɗu. Ɗan mulkin mallaka ne, ba don ƙaunarmu ya zo ba. Abin da ya sa na kawo shi al'ada ɗaya ce ta ƙasarsu: idan aka ba soja lambar bajinta, ana buga sunansa a jaridar gwamnati, sau da yawa har da bayanin abin da ya aikata. Shekara 100 bayan nan, ɗalibin tarihi na iya zama ya karanta dalilin da ya sa aka girmama Coningham.

Mu kuma muna da abin rubutawa, ba mu rubuta ba. A ranar 18 ga Yulin 2021 matuƙi Abayomi Dairo yana dawowa daga farmaki a kan iyakar Zamfara da Kaduna, 'yan bindiga suka buɗe wa Alpha Jet ɗinsa wuta daga ƙasa. Ya ja igiyar kujera, ta harba shi waje, lema ta sauke shi a tsakiyar yankin mutanen da ya gama jefa wa bam. Suka bazama nemansa. Ya ɓuya har rana ta faɗi, sannan ya bi duhu, yana duba hanya da wayarsa, har ya isa wani sansanin sojan ƙasa. Win Kwamanda Chimda Hedima bai sami wannan sa'a ba. Jirginsa ya tashi daga Yola ranar 12 ga Satumban 2014 bai dawo ba, ya faɗa hannun Boko Haram, suka kashe shi. Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa helikwaftan yaƙi a ƙasar nan, an liƙa mata fukafukai a Oktoban 2019, ta yi aiki a kan 'yan bindiga a Jihar Neja, ta rasu a hatsarin mota a barikin Kaduna a Yulin 2020 tana da shekara 24. Galibin abin da jama'a suka sani game da waɗannan mutane daga sanarwar manema labarai ya fito, wadda ake karantawa yau a manta gobe.

Akwai wani ɓangaren da mutumin Rogo ya fi kowa haƙƙin tambaya a kai. Ƙaramar hukumarsa ta yi iyaka da Katsina ta yi da Kaduna, kuma a ƙarshen 2025 'yan bindiga sun riƙa tsallakowa daga Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Manomin rake da ke jin rugugin jirgi a kansa yana da buƙata biyu a wurin wanda ke ciki: ya zo da wuri idan an kira, kuma ya san wanda yake harbi. Ta biyun an sha kuskure ta. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, mutum fiye da 100 suka mutu, har da ma'aikatan agaji, daga baya hedikwatar tsaro ta ce ba a sa wa wurin alama a taswirar aiki ba. A Disamban 2024 an rasa aƙalla mutum 10 a ƙauyukan Silame ta Sakkwato yayin farmaki a kan Lakurawa, sojoji suka ce makaman 'yan ta'addan ne suka tarwatse. Makonni kaɗan bayan haka, a Tungar Kara ta Zamfara, 'yan sa-kai ne da suka fito bin sawun ɓarayi bam ya faɗa wa. Kuskuren harin Tudun Biri na Disamban 2023, don a yi adalci, aikin jirgi marar matuƙi ne na sojan ƙasa, ba na sojan sama ba.

Matuƙin jet yana tafiyar ɗaruruwan kilomita a sa'a. Daga inda yake, ayarin babura na 'yan bindiga da na masu rakiyar amarya kamarsu ɗaya. Yana da 'yan daƙiƙoƙi, rediyo na kunnensa ana ce masa ga su nan, mai yana ƙarewa, kuma idan ya koma da bam ɗinsa sai ya yi bayani. Wanda ya ce bai tabbata ba, ya ɗauke yatsa daga maɓalli ya juya, ya yi abin da a ganina bai gaza na Dairo wuya ba. Irin wannan matuƙi ba ya shiga sanarwa, don sanarwa adadin waɗanda aka hallaka take ƙirgawa. Rundunar da ke son a daina samun irin Rann, dole ta nuna wa ƙananan matuƙanta cewa dawowa da bam saboda shakka ba ya rage wa mutum daraja, har yana iya jawo masa tauraro.

Gyaran ba ya buƙatar sabon jirgi ko kasafin biliyoyi. A raba lambar daɗewa da lambar bajinta yadda kowa zai gane bambancin. Duk wadda aka bayar don bajinta a rubuta dalilinta, rana da yanki da abin da ya faru, gwargwadon abin da sirrin aiki ya bari, a adana inda ɗan jarida da ɗalibi za su iya gani. A fassara shi da Hausa, tunda akasarin wannan yaƙi a sararin samaniyar masu jin Hausa ake yin sa. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara, da ake tunawa da 'yan mazan jiya, gidajen rediyon Kano na iya karanta sunayen da bayanan bayan labaran rana, lokacin da manoman Karaye da Rogo suka dawo daga fadama. Rahotannin binciken kuskuren harbi su ma a fito da su ta wannan hanya, da sunan ƙauyen da adadin waɗanda aka biya diyya.