Ramin tassa da rijiyoyin Batodi: abin da ke riƙe mutum a ƙauyensu

Ƙidayar jama'a ta 2019 ta nuna cewa kusan mutum uku cikin huɗu na Burkina Faso a karkara suke zaune, a Nijar kuwa mazauna karkara sun haura kashi 80 cikin 100. Sai dai duk shekara, da an kai amfanin gona rumbu, ƙauyuka da yawa kan koma na tsofaffi da mata da yara. Samari sun tafi ci-rani, wasu Abidjan, wasu Kumasi ko Legas, wasu wuraren haƙar zinariya. Wasu kuma su kan yada zango a unguwannin bakin Wagadugu irin Zongo, inda ake ta gina ɗakunan laka a filayen da hukuma ba ta yanka ba. Da yawa daga cikinsu ba sa komawa.

Shi ya sa ake yawan tambaya a zangunanmu: ƙauye yana da makoma kuwa? Labarin wani ɗan ƙauye a ƙasar Adar, mai suna Batodi, da ke gundumar Illela a jihar Tahoua ta Nijar, ya ba da amsa mai amfani. Makomar ƙauye tana rataye ne a kan abu biyu: ƙasa mai riƙe ruwa, da aikin da zai ciyar da mutum a rani.

Daga Gourga aka ɗauko dabarar

Bayan farin 1973 da na 1984, wanda mutanen Nijar ke kira El Buhari, gonaki da dama a Sahel sun zama fako. Fako ƙasa ce da ta daskare kamar daɓe. In ruwa ya sauka a kanta ba ya shiga, sai ya gangara ya kwashe ɗan abin da ya rage na ƙasar kirki.

A ƙauyen Gourga, kusa da Ouahigouya a ƙasar Yatenga ta arewacin Burkina, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo ya koma ga wata tsohuwar dabara ta Mosawa da ake kira zai. Wajajen 1980 ya fara faɗaɗa ramukan shuka, yana haƙa su tun da rani, yana zuba musu taki. Mutane sun yi masa kallon mahaukaci. Daga baya fakon da ya yi wa aiki ya zama daji mai kusan hekta 40, da itatuwa fiye da iri 60. A 2018 ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, ya rasu a watan Disamba na 2023.

A 1989 wani shiri da asusun raya noma na duniya, wato FIDA, ya ɗauki nauyinsa ya kai manoma 13 daga Illela zuwa Yatenga don su gani da idonsu. Da suka koma gida suka gwada a fakonsu. A Hausar Adar ana ce wa ramin tassa.

Yadda tassa ke aiki

Ana haƙa rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin 10 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Takin yana jawo gara, ita kuma garar tana huda ƙasa da ƙananan hanyoyi, waɗanda ruwan farko ke bi ya nutse maimakon ya gudu. Iska ma tana kawo ganye da ƙura ta zuba a ramin. Sa'annan a shuka hatsi ko dawa a ciki. Ko ruwa ya ɗauke na kwanaki, saiwa tana da laima.

Masu bincike sun auna cewa a shekarar ƙarancin ruwa hekta ɗaya ta tassa kan ba da kilo 300 zuwa 400, a shekara mai kyau kuma ta kan haura tan ɗaya. Wannan a wurin da a da ko ciyawa ba ta fitowa. Nan da nan a Illela aka fara ciniki a kan fako, ƙasar da da ko kyauta ba a so, kuma kuɗinta ya yi ta hawa.

Abin da ya fi ba mutanen Batodi mamaki a cikin rijiya ya bayyana. Chris Reij, wani masani ɗan ƙasar Holan da ya daɗe yana bin wannan aiki, ya rubuta cewa a 1994 sai guga ta yi kimanin mita 18 kafin ta taɓa ruwa, amma zuwa 2004 ruwan ya taso zuwa kimanin mita 4. Ruwan da ke gudu ya bar gari shi ne ya koma ƙarƙashin ƙasa. Da ruwa ya matso, sai lambuna suka bayyana kewaye da rijiyoyi, mata suka samu abin sayarwa a watannin da a da babu komai sai jiran damina.

Wanda ya san kasuwar albasa a Akara ko Abidjan ya san darajar wannan. Albasar Galmi, wadda ake lodinta daga wannan jiha ta Tahoua ta ratsa Burkina zuwa bakin teku, amfanin noman rani ce.

Inda ƙasa jigawa ce

Tassa ba ta dace da ko'ina ba. A jigawa mai rairayi ramin cikewa yake yi. A can wata dabara ce ta yi aiki, wadda manoman Maradi ke kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito a gona lokacin sharar gona, sai a zaɓi masu ƙarfi a kututturen sabara ko kalgo ko gawo, a rage sauran, a bar su su girma. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara yaɗa ta a yankin Maradi a 1983. An ƙiyasta cewa ta maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maradi da Damagaram. Gawo ya fi kowanne farin jini, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne.

Abin da rami ba ya magancewa

Matsala ta farko ƙarfi ne. Hekta ɗaya na cin aikin awa kusan 300, kuma a tsakiyar zafin bazara ake yinsa, daidai lokacin da majiya ƙarfi ba sa gida. Ta biyu taki ne: wanda ba shi da dabba ko amalanke ba shi da abin zubawa a rami.

Ta uku mallakar ƙasa ce. Shi kansa Yacouba Sawadogo ya sha fama da wannan, domin da garin Ouahigouya ya faɗaɗa an yanka filayen gidaje har cikin dajinsa, sai a 2021 aka kewaye shi da shinge. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira COFO, Burkina kuma ta yi tata dokar a 2009, wadda ta tanadar wa manomi takardar shaidar riƙon gona. A 2020 Nijar ta fitar da doka da ta amince wa manomi da itacen da ya raina a gonarsa. Amma takarda sai wanda ya nema yake samu.

Ta huɗu yawan jama'a ne. A Nijar jama'a na ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara, gonar da uba ya noma shi kaɗai yau ƴaƴa biyar ko shida ke rabawa. Ta ƙarshe, wadda ta fi kowacce ciwo, ita ce rashin tsaro. A watan Maris na 2023 hukumomin Burkina sun ƙidaya fiye da mutum miliyan 2 da suka bar gidajensu, kuma Yatenga, mahaifar zai, na cikin wuraren da abin ya shafa sosai.

Rabon mazauna zango

Mu da ke zaune a Wagadugu, Kumasi, Lome ko Kwatano muna aika kuɗi gida, galibi don buhun hatsi a lokacin da rumbu ya ƙare, ko don biki da suna. Wannan wajibi ne, amma buhu wata ɗaya yake yi. Kuɗin da aka tura a watan Maris ko Afrilu don a biya masu haƙa tassa ko a yi wa gayya abinci, ko a sayi jaki da amalanke, ko tumaki biyu da za su ba da taki, ko a je COFO a yi wa gonar gado takarda, yana daɗe yana aiki bayan an manta da ranar da aka tura shi. Kafin a tura, a tambayi na gida: gonar fako ce ko jigawa, kuma mita nawa guga ke yi a rijiyar gari? Amsar ita za ta nuna aikin da ya kamata a fara da shi.