Cutar lufus: kada a ajiye magani don an ji sauƙi

Yau za mu yi bayani a kan wata cuta da likitoci ke kira lufus. Cikin mutum 10 masu ita, 9 mata ne, galibi masu shekara 15 zuwa 45. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma ba sammu ba ne.

Mece ce lufus?

A cikin jininmu akwai dakaru masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ga mai lufus, dakarun nan ne ke rikicewa, su afka wa jikin da suke tsaro. Sai gaɓoɓi su yi ciwo, zazzaɓi ya yi ta dawowa, gashi ya zube, baki ya yi gyambo, tabo ya fito a kumatu da karan hanci. Da gwajin jini ake tabbatar da ita a manyan asibitoci. Babu maganin da ke fitar da ita kwata-kwata, amma akwai masu kwantar da ita, har mace ta koma ga aikinta.

Magunguna biyu na farko

Na ɗaya shi ne hidroksiklorokin, wanda ake sayarwa da sunan Plaquenil. Ɗan uwan nibakin ne. Ana shan shi kullum, shekara da shekaru. Yakan ɗauki wata 2 ko 3 kafin a ga amfaninsa, saboda haka sai an yi haƙuri. Yana hana cutar tashi, yana kuma kare ƙoda. Mai shan shi ta je awon ido, domin idan aka daɗe yana iya taɓa gani. Kada ta dogara da shi don masassarar cizon sauro: ta kwana cikin gidan sauro.

Na biyu shi ne kortizon. Yana aiki da sauri, cikin ƴan kwanaki ciwo ya lafa. Ana shan shi da safe, bayan an karya kumallo. To, nan ne haɗari yake. Sau da yawa mace takan ji sauƙi, ga kuɗi ya yi wuya, sai ta ajiye shi rana ɗaya. Wannan babban kuskure ne. Jikinmu da kansa yana yin irin wannan sinadari. Idan aka sha kortizon makonni da dama, jiki yakan rage yin nasa. Aka tsaya farat ɗaya, sai kasala da amai su zo, jini ya faɗi, har a iya rasa rai. Likita ne kaɗai ke rage shi, kaɗan-kaɗan.

Cututtukan da ke biyo baya

1. Ciwon ƙoda. Yana shiga ba tare da zafi ba. Alamunsa fitsari mai kumfa, da kumburin ƙafa da na fuska. A riƙa awon fitsari ko ana jin lafiya.

2. Hawan jini da ciwon sukari. Kortizon yana iya jawo su, tare da ƙiba da raunin ƙashi. A rage gishiri da dunƙulen miya da sukari, a riƙa auna jini.

3. Saurin kamuwa da cuta. Magungunan suna rage ƙarfin dakarun jiki. Duk zazzaɓi, da tarin da ya wuce mako 2, a kai su asibiti, don kada a ce tarin fuka ne.

Abubuwan kiyayewa

Kada a sayi ƙwaya wurin masu tallar magani a kasuwa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuforofen da diklofenak suna ɓata ƙoda da ciki. Bactrim kuma yana iya tayar da cutar. Duk asibitin da aka je, a nuna takardar magani.

Zafin rana ma yana tayar da lufus. Mai zuwa gona ta sa malafa da riga mai dogon hannu, ta fita da sassafe, ta huta in rana ta take.

Mai lufus tana iya haihuwa. Amma ta jira cutar ta kwanta aƙalla wata 6 kafin ta ɗauki ciki. Ta kuma shawarci likita tun da wuri, domin wasu magunguna, irin su metotireksat, suna lahanta ɗan da ke ciki. Hidroksiklorokin kuwa ana ci gaba da shan shi har da juna biyu. Haka nan idan azumi ya gabato, a nemi shawarar likita.

Kiranmu ga magidanta shi ne, su sa kuɗin magani cikin lissafin gida kamar kuɗin hatsi, su saya tun na hannu bai ƙare ba. Wanda ya iya karatu kuma ya rubuta sunan kowane magani, da lokacin shan shi, da ranar komawa asibiti, ya karanta wa wadda ba ta iya ba.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.