GARDAMAR DA AKA YI A KAN "BABU" CIKIN HARSHEN PYTHON

Python wani harshe ne da ake rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa umarni da shi, wanda wani mutumin ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar a shekarar 1991. Sau da yawa idan aiki ya ci tura, na'urar takan sake faɗawa wani kuskure sa'ad da take fama da na farko. A da, na biyun yakan binne na farkon, mai neman asalin ɓarna ya yi ta lalube cikin duhu.

Domin maganin wannan ne Ka-Ping Yee ya kawo shawara mai lamba 3134 a 2005, aka kuwa yi aiki da ita a Python 3.0 na 2008. Tun daga nan kowane kuskure yakan fito tare da wanda ya gabace shi, kuma mai rubutu yana iya ambaton musabbabi da kansa da kalmar "from".

Amma wani lokaci da gangan ake musanya kuskure da wani, don kada dogon bayani ya ruɗa mai aiki da na'urar. Saboda haka a 2012 Ethan Furman ya nemi a yarda a rubuta "from None", watau "daga babu". To, a nan gizo ke saƙar, gama tun asali None ne ke zaune a gurbin musabbabi idan ba a faɗi kome ba. Ta yaya na'ura za ta bambanta wanda bai ce uffan ba da wanda ya ce a yi shiru?

Aka duba sanya False a gurbin, aka ƙi. Shawarar Furman mai lamba 409 ta zaɓi ɗigo uku, watau Ellipsis, aka amince. Sai Benjamin Peterson ya ga an ɗora wa gurbi ɗaya kaya biyu, ya kawo shawara ta 415: a bar None inda yake, a buɗe wani gurbi dabam mai amsa i ko a'a game da ɓoyewa.

Wannan ce ta shiga Python 3.3 a watan Satumba na 2012. Kuskuren farko kuwa ba a shafe shi, ɓoye shi kurum ake yi, mai bincike yana iya tono shi duk ranar da bukata ta taso.