Kafin ka canja lasifika, auna ɗakin

Ɗalibai da yawa a makarantar nan sun fara haɗa ɗan situdiyo a gida, wasu don waƙa, wasu don jin kiɗa kawai. Kukansu kusan ɗaya ne: a jikin bango bes ya yi ta gunji, ka matso tsakiyar ɗaki ya ɓace. Sai a ɗora wa lasifika laifi, a fara tara kuɗin sabuwa. Aikina na kammala difloma kan auna sauti ne, kuma abin da na gani shi ne mafi yawan lokaci laifin na ɗakin ne.

Ga dalilin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya bugi bango ya dawo, sai ya haɗu da wanda ke tahowa, a wani wuri su ƙara wa juna ƙarfi, a wani su kashe juna. Da tef ɗin awo ma za ka iya sanin inda matsalar za ta fito: raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. Ɗaki mai mita 4 zai ba ka kusan 43 Hz, faɗin mita 3 kuma 57 Hz. Wannan 43 Hz ɗin ya fi ƙarfi a jikin bangon gaba da na baya, a tsakiya kuwa kamar babu shi. Ɗakunanmu na bulon siminti da tayil ba sa shanye komai, shi ya sa abin ya fi muni.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta, manhajar REW wadda kyauta ce, da makirfon awo irin UMIK-1 na kamfanin miniDSP da ake jonawa ta USB. Kowane ɗaya yana da fayil ɗin gyara nasa, da lambar da ke jikinsa ake sauke shi. Kada ka tsallake wannan. Makirfon waya kam ban yarda da shi ba, don murya aka yi shi, bes ɗin da muke nema yanke shi yake.

Sa makirfon a kan sandarsa, daidai inda kanka yake idan ka zauna, ya kalli silin, ka zaɓi fayil na digiri 90. Kar ka riƙe da hannu. Kashe fanka, rufe ƙofa da taga, in janareton maƙwabta na aiki to haƙuri za ka yi sai ya mutu. Daidaita ƙara zuwa wajen 75 dB, sannan manhajar ta sako wani sauti da ke hawa daga 20 Hz har 20,000. Auna lasifikar hagu daban, ta dama daban, ka maimaita a wurare uku ko huɗu kusa da kujerar.

Zanen da zai fito yana da tuddai da ramuka. Tudu ana iya rage shi da ikwalaiza. Rami ba ya cikuwa haka, ko ka ƙara ƙarfi sautin kashe kansa yake, lasifikar ce kawai za ta wahala. Manhajar tana kuma nuna RT60, wato lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ragu da 60 dB, ma'aunin da ya samo asali daga aikin Wallace Sabine a Jami'ar Harvard a shekarun 1890. A ɗakin saurare na gida ana son wajen daƙiƙa 0.2 zuwa 0.4, kuma kafet da labule mai kauri suna taimakawa a nan.

Su kuma masu manna kiret ɗin ƙwai a bango, wallahi ɓata fenti ne. Tsawon igiyar sauti ta 43 Hz mita 8 ne, kwali ko siririn soso ba abin da zai yi mata. Bes sai abu mai kauri sosai a kusurwoyin ɗaki. Kafin ka kashe ko sisi a kan wannan, janye kujerar daga tsakiya, a ɗaki mai mita 4 gwada wajen mita ɗaya da rabi daga bangon gaba, ka sake aunawa, ka ɗora sabon zanen a kan tsohon.