Busar da Furen Wardi Ba Tare da Launinsa Ya Gudu Ba

Duk wanda ya taɓa sayen furen wardi domin ɗaurin aure ko adon majami'a ya san ciwon abin. Ranar Asabar yana sheƙi, kafin Talata ya sunkuyar da kai, ranar Alhamis kuwa sai juji. Kuɗin da aka kashe ba kaɗan ba ne, gama wardi ba ya son zafi. A ƙasarmu sai wurare masu sanyi irin su tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, yake yin kyau sosai. Amare da yawa sukan rataye nasu a bakin taga domin tunawa, amma bayan wata guda sai ya koma kamar ganyen taba. Busarwa dai ba wuya, kowa ya iya. Riƙe launin ne aikin.

Mu fara da abin da ke ɓata launin, domin wanda ya gane wannan ya gama rabin aiki. Jan da ke cikin wardi wani sinadari ne da masana suke kira antosayanin, dangin wanda ke cikin zoɓorodo. Matanmu sun riga sun san halinsa: a ɗiga lemun tsami cikin zoɓo ya ƙara ja, a jefa kanwa ya yi duhu. Abu ne marar jimiri. Hasken rana yana cinye shi, zafi mai yawa yana dafa shi. Abu na uku kuwa, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne jinkiri. Muddin da sauran ruwa cikin furen, yana ci gaba da yin baƙi kamar yadda doya ko gauta take yi idan aka yanka aka bar ta a iska. Ashe ka'idar ɗaya ce da ta zogale: wanda aka shanya a inuwa mai iska yakan fito kore shar, na tsakiyar rana kuwa ya koɗe. A raba fure da ruwansa da sauri, cikin duhu, ba tare da wuta ba.

Tarihi ma ya nuna haka. A shekarar 1888 wani Baturen Ingila mai tonon kayan tarihi, Flinders Petrie, ya sami rawanin furen wardi cikin wani kabari a Hawara ta ƙasar Masar, wanda aka binne tun zamanin mulkin Romawa. Masana sun iya gane irinsa, suka ce wardin nan ne da ake shukawa kusa da majami'u a ƙasar Habasha. Ba wani magani ya kiyaye shi ba, illa busasshen yashi da duhun kabari.

To, ba kowane wardi ne yake karɓar busarwa ba. Ja mai duhu yakan ƙara duhu har ya kusa baƙi, fari kuma yakan koma kamar tsohuwar takarda, kome ƙoƙarin mutum. Masu riƙe launi su ne rawaya, da ruwan goro, da ruwan hoda mai ƙarfi. Wanda yake son ja a ƙarshe, ya zaɓi ja mai haske tun farko. A yanke shi sa'ad da ya buɗe rabi, da hantsi bayan raɓa ta bushe. Furen da ya kwana uku cikin kwalba ya riga ya fara mutuwa. Amarya da ke son ajiye nata, kada ta jira a gama biki da sallamar baƙi, ta ba wata 'yar'uwa aikin tun daren ranar.

Hanya mafi sauƙi ita ce ratayewa. A cire ganye, a ɗaure uku ko huɗu da roba, domin zare yakan saki idan ƙara ya motse, a rataye kai ƙasa cikin ɗaki mai duhu da iska, nesa da hayaƙin kicin. Mako biyu zuwa uku ya isa. A nan mu 'yan arewa mun yi sa'a: iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana yin aikin da wasu ƙasashe sai sun sa na'ura, ga shi kuma lokacin ne bukukuwan aure da Kirsimeti suka fi yawa. A rufe da takarda saboda ƙura. Da damina kuwa, a ganinmu ratayewa ɓata fure ne kawai, fumfuna za ta riga mu.

Wanda yake son furen ya fito da siffarsa da launinsa kamar yau aka tsinke, sai ya nemi silika. Su ne ƙwayoyin nan kamar gishiri da muke samu cikin 'yar jaka a kwalin sabon takalmi ko kwalbar magani, mu yar. Wani malamin Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Walter Patrick, shi ya yi rajistar hanyar yin ta a 1919. Tana iya shan ruwa har kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta. A zuba ta kamar kaurin yatsa biyu a gindin roba mai murfi, a gajarta ƙaran furen, a tsayar da shi fuska sama, sa'an nan a riƙa zubawa da cokali a hankali, gefe tukuna, sai tsakanin ganyayyakin furen, har ya nutse. A rufe ruf. Bayan kwana 5 a duba ɗaya. Idan yana ƙara kamar takarda ya yi, in ba haka ba a ƙara kwana biyu. In ya wuce kima sai ya yi ta karyewa. Silikar ba ta ƙarewa: a gasa ta cikin tanda marar zafi sosai, kamar digiri 120, ta dawo sabuwa. Akwai mai launin shuɗi wadda takan koma ruwan hoda idan ta ƙoshi da ruwa. Wannan tana da sinadari mai cutarwa, a nisanta ta daga yara da kwanukan abinci.

Inda babu silika, yashin rafi mai laushi yana yi. A tankaɗe, a wanke har ruwan ya fito fari, a shanya ya bushe ƙarau. Bambancin shi ne yashi ba ya shan ruwa, riƙe siffa kawai yake yi, saboda haka ba a rufe akwatin, kuma sai an ba shi mako biyu zuwa uku. Yana da nauyi, a tsiyaye shi sannu sannu ta gefe, kada a jawo furen.

Bayan an fitar, a share ƙurar da gashin kaza. Busasshen fure yana sake shan laima daga iska, kuma rana tana nan tana jiransa. A sa shi cikin kwalba ko akwatin gilashi mai rufuwa, a jefa 'yar jakar silika ɗaya a ciki, a ajiye a bangon da rana ba ta kaiwa. Farkon kowace damina a canja jakar.