Daɓen Kwalta a Tsofaffin Gine-ginen Turai

 Mu dai a kan titi muka san kwalta. To amma a Ingila da Faransa da Jamus akwai tsofaffin gine-gine, makarantu da rumbunan ajiya da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, waɗanda daɓensu na kwalta ne, kuma har gobe ana taka shi. Yau za mu duba yadda ake gyara wannan daɓe idan ya tsufa.

Kwaltar farko ba daga matatar mai ta fito ba. Wani dutse ne da Allah ya halitta da kwalta a jikinsa, a da ana haƙo shi a Seyssel ta Faransa da kwarin Travers na Suwizalan. A shekarar 1837 wani Bature mai suna Richard Claridge ya yi rajistar amfani da dutsen Seyssel a Ingila, daga nan sana'ar ta bazu. A wancan zamani niƙa dutsen ake yi, a dafa shi a babbar tukunyar ƙarfe, a ƙara tsakuwa, sai zafinsa ya haura digiri 200. A ɗebo a bokiti, a juye, ma'aikaci yana durƙushe yana baza shi da katako mai mariƙi kafin ya huce. Idan ya sandare, ruwa ba ya ratsa shi. Shi ya sa aka so shi a duk inda danshi ke tasowa daga ƙasa.

To ina matsalar? Wannan daɓe zafi yana sa shi laushi, sanyi kuma yana sa shi tauri har ya tsage. Ƙafar kabad mai nauyi tana lotsa shi. Mai da maiƙo suna cinye shi. Mai gaggawa kuwa, da ya ga tsaga, sai ya ɗauko guduma da kurfi ya fasa, ya cike ramin da siminti. Wannan ɓarna ce, ba gyara ba. Dukan guduma yana tura tsagar zuwa inda da lafiya lau yake, siminti kuma ba ya motsi tare da kwalta, sai bakin facin ya buɗe, danshi ya samu ƙofa. Haka wanda ya kunna wa daɓen harshen wuta kai tsaye, ƙona shi kawai zai yi.

Gwanayen sana'ar gasa wurin suke yi, kamar yadda ake gasa targaɗe da tsumma mai zafi. Sukan zuba sabuwar kwalta mai zafi a kan wurin da ya lalace, su bar ta ta ɗan jima har tsohuwar ta yi laushi, sannan su kwashe, su yanke ɓataccen a hankali. Bakin ramin ma sai an ɗumama shi kafin a zuba sabuwa, domin tsohuwa da sabuwa su narke su zama abu guda. Aiki ne na mai haƙuri, kuma a ganina duk wanda ba shi da wannan haƙurin bai kamata a ba shi tsohon gini ba.

Sai babbar wahalar, wato dacewar kama. Mahaƙar Travers an rufe ta tun 1986, yawancin kwaltar yau kuma ta matata ce, wani lokaci a gauraya ta da ta tafkin kwalta na Tirinidad. Ga shi ba kowane daɓe ne baƙi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da katako ya yi ƙaranci a Ingila, an yi wa gidaje da yawa jan daɓe da mai ruwan ƙasa, ta hanyar zuba garin launi. Wasu ma da kwaltar gawayin kwal aka yi su, wadda ke ɗauke da sinadaran da ke jawo ciwon daji. Don haka kafin a ɗora tukunya a wuta, sai an yanki ɗan guntu an kai ɗakin gwaje-gwaje, a san irin kwaltar, da girman tsakuwar, da abin da ya ba ta launi.

Daga nan sai a zuba ɗan gwaji a gefe, a bar shi ya huce, a goge fuskarsa da yashi mai laushi ko a sulɓe shi, gwargwadon yadda na asali yake. Sai wanda ke kula da ginin ya zo da rana tsaka ya duba, ya amince, sannan a taɓa daɓen kansa.